Inda Aka Binne Cibiya

"Sai wanda aka binne cibiyarsa a garin nan zai fara ɗiba!"

Yana faɗin haka, shugaban kwamitin famfo ya ture jarkokin wata Buzuwa zuwa ƙarshen layi. A Maigatari ta haihu, a nan ta aurar, amma a wurinsa har gobe baƙuwa ce.

Kakarsa tana gindin darbejiya tana tauna goro. Duk a kunnenta aka yi. Washegari ta kira shi.

"Maigidan, tayar da babur ɗin nan ka kai ni unguwa."

Suka miƙi hanya suka yi arewa. Duk lokacin da ya rage gudu sai ta zungure shi da sandarta. "Ci gaba, malalaci!" Haka suka yi ta tafiya har wani jandarma ya ɗaga musu hannu.

"Tsohuwa, wai ina za mu ne? Mun fa shigo Nijar!"

Ta sauko a hankali, ta nuna masa wata tsamiya a bayan kango.

"Ka ga can? Biki muka zo da uwarka naƙuda ta kama ta. Da hannuna na haƙa ramin cibiyarka."

Jandarman ya ƙaraso. "Baƙo, daga ina?"

Tsohuwa ta tofar da tuƙar goro. "Wane baƙo, ɗan nan? Ɗanku ne na kawo muku. Ku taimaka masa da ruwa ya sha, don a garinmu sai kowa ya gama ɗiba layi zai zo kansa."