Harbin da Ba Falle

Na danna maɓallin na'urar gwajinmu, hasken lesa ya harba. Allon ƙirge ya nuna dubban niyutron, 'yan mitsitsin ƙwayoyin nan da ke fitowa daga ƙwayar zarra, kamar yadda ya saba wata uku ke nan. Ina juyowa sai na ga fallen a kan teburina. Siririn ƙarfen nan da bai kai kaurin gashi ba, shi hasken ke daka kafin niyutron su fito. Ashe na manta ban saka shi ba.

To daga ina suka fito?

Na leƙa bayan na'urar. Wani ɗan gwangwani na gani a liƙe, irin mai fitar da niyutron da kansa.

Na ruga ofishin Farfesa, wanda ya koyar da ni shekara bakwai, har Baba nake ce masa.

"Baba, an cuce mu! Sakamakonmu ƙarya ne!"

Bai ko ɗago kai ba. "Wa ya aike ki bayan na'ura, 'yata?"

Ai ban ambaci bayan na'ura ba.

"Dole mu janye rahoton gwajin nan da muka wallafa," na ce.

"Mu? Ai sunanki kaɗai ke kansa."

Gaskiya ne. Ranar da ya cire nasa ya ce kyauta ce ya ba ni, har ƙasa na durƙusa ina godiya da hawaye.