Maƙerin da Ya Jira Azurfa Ta Yi Ja

Tun da Malam ya rasu, gidanmu ya rasa mai ba da misali. Shi ne in magana ta cije yakan gyara zama ya ce, "An yi wani mutum." Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na daɗe ina sauraronsa. Shi ya sa da autanmu Sagir ya zo da tasa matsalar, ba ni da abin ba shi sai abin da ubansa ya bari.

Sagir yana koyarwa a makarantar kurame. In ka ga hannunsa yana hira da yaran nan, sai ka rantse a cikinsu ya tashi. Ya samu gurbin digiri na biyu a fannin ilimi, aka ce ya zaɓi ɓangare ɗaya: koyar da masu buƙata ta musamman, ko tsara manhaja, ko shugabancin makarantu. Ya ce mini shugabanci zai ɗauka. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Inna, shi fa Lurwanu ya karanta. Lurwanun da nake yi wa aikin gida muna sakandare! Yau shi ake buɗe wa ƙofar mota, ni kuwa alli ya cinye mini yatsu." Na ce, "Auta, zauna ka ji."

An yi wasu abokai biyu da suka koyi ƙira a hannun maigida ɗaya. Da suka ƙware a zuga da riƙon awartaki, maigidan ya ce lokaci ya yi da kowa zai kama hanyarsa: ko ƙirar baƙi, ta garma da lauje da gatari, ko ƙirar fari, ta zobe da awarwaron azurfa. Ƙaramin ya ce fari. Babban kuwa kowa ya san na baƙi ne. Allah ya ba shi damtse, ya kuma ba shi ido: daga kallon jan ƙarfe a wuta ya san lokacin cirewa, garmarsa ba ta karyewa ko a ƙasa mai tsauri. Maigidan har ya nuna masa uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, ya ce, "In na tsufa, taka ce." Amma babban ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Tunanin nan kuwa ba komai ba ne sai leƙen rumfar abokinsa. Yana ganinsa zaune a inuwa da farar riga, mata na zuwa da turarensu suna ce masa "ranka ya daɗe," shi kuma ga toka har gira, manoma na kiransa daga bakin hanya kamar ba shi da suna. Abin da ya fi ci masa rai, shi ya koya wa yaron nan yadda ake hura wuta. Bai taɓa tambayar kansa ko yana son azurfa ba. Rigar yake so, da inuwar, da a daina gaishe da wancan. Ya je ya ce wa maigida shi ma fari.

Ya koya daidai gwargwado, ya buɗe rumfa daura da ta abokin don a gani. Hannunsa ya yi wa aikin nauyi, in ya daki zobe sai ya baje kamar ƙosai, amma yana lallaɓawa. Ran nan wata mata ta kawo awarwaron da ta gada daga mahaifiyarta, ya tsage, ta ce a gyara, shi kaɗai ya rage mata. Ta wuce rumfar abokin ta zo tasa, daɗi ya kama shi har ya ɗaga murya wajen gaishe ta don wancan ya ji. Ya sa awarwaro a wuta, yana zuga, rabin hankalinsa na can tsallaken hanya. Idonsa kuwa na baƙi ne, jira yake azurfar ta yi ja jawur irin na ƙarfe. Azurfa ba ta jiran wannan. Kafin ya ankara ta narke, ta tsiyaye cikin gawayi. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya tana kallon tokar, sannan ta juya. Kafin kasuwa ta tashi labari ya gama gari, ba wanda ya ƙara kawo masa ko zoben yaro. Da damina ta matso ya haɗiye girman kai ya koma wurin maigida neman uwar maƙera. Ya tarar da wani na dukan garma a kanta, manoma sun yi layi. Tsohon ya ce, "Ƙasa ba ta jira ka ba, ɗana. Sai da na ba wani."

A nan Malam yakan tsaya, ya ce ai Hausawa sun gama magana: kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Sagir ya daɗe yana juya hannuwansa yana kallo, har yau bai faɗa mini abin da ya zaɓa ba. Ku taya ni roƙo: Allah ya jiƙan Malam, ya sa yaron nan ya ga abin da ke hannunsa kafin a ba wani. Amin.