Lomar da Tigist Ta Ba Ni

A Habasha aka haife ni, Mama riƙona ta yi. Lokacin kullen korona, a gidanmu na unguwar Al Thumama, can ƙasar Larabawa, ta sa Tigist mai aikinmu, 'yar Habasha, ta riƙa koya mini yarensu, Amharik.

Wata la'asar Tigist ta naɗe miya cikin injera, wainarsu mai tsami, ta sa mini a baki da hannunta. "Gursha ke nan. Da mahaifiyarki ce, haka za ta ba ki."

Ashe Mama na bakin ƙofa. "Da hannu? Cikin annobar nan? Khalas, karatu ya ƙare!"

Yanzu na san ba cutar ce ta tsorata Mama ba, ambaton mahaifiyata ne. Har yau idan 'yan Habasha suka gaishe ni da Amharik, da Turanci nake ba su haƙuri.