Bencin Baya

"Kotu!" Ɗan sandan ƙofa ya daka tsawa, alƙalai uku suka shigo. Ba wanda ya miƙe.

Ni da Baba muna bencin baya. Har makon jiya shi ne shugaban alƙalan nan, aka cire shi don ya ƙi soke zaɓen da ya kayar da gwamnati, zaɓenmu na biyu tun tafiyar soja. Yau ne za a yanke hukunci kan zaɓen. Na roƙe shi kada mu zo, dariya za a yi mana.

"Kun kurmance ne?" in ji sabon shugaban, wanda kowa ya san inda sabuwar motarsa ta fito.

"Riƙe ni, uwata," Baba ya raɗa mini. "Kotu ba ta yi mini laifi ba."

Ya dafa kafaɗata, ya miƙe shi kaɗai. Sai bencuna suka ɗau ƙara. Ɗakin duka ya miƙe, amma baya kowa ya juyo, yana fuskantar Baba.

Sauran alƙalan biyu suka dubi juna. Sai suka sunkuyar wa Baba da kai.

Kafin yamma alƙalan biyu sun rinjayi sabon shugaban. Zaɓe ya tabbata.