Loma Daga Hannun Baba

Likita ta baje takardun gwajin mutanen gidan su biyar, uban ya gyara zama, don a ganinsa ya riga ya san mai laifi. Wata biyu ke nan 'yar autarsa tana zawo tana ramewa. Ya sallami mai kawo musu ruwa, ya sayar da akuya, har mai awarar bakin makaranta ta sha faɗa.

"Akuyar ce ko, likita?"

Likita ta yi murmushi. "Malam, ƙwayar cutar hanjin nan sunanta ɗaya, amma dangi-dangi ce. Akwai ta dabbobi, akwai ta mutane. Wani ta kwantar da shi, wani yana yawo da ita garau. Irin ta yarinyar nan sak, a cikin mutum ɗaya muka sake ganinta. Wa ke ba ta abinci?"

Uban ya dubi hannunsa. Tun da aka yaye ta ba ta yarda da cokali, sai loma daga hannunsa.

Maganin mutum biyu aka rubuta. A hanyarsu ta komawa gida Kurudu, yarinyar ta ce, "Baba, ɓare mini ayaba."

"To, uwata," in ji shi, "bari mu sayi sabulu tukuna."