Buhun Ƙanin Miji

Kashin ya sauka daidai kan kafaɗar jami'in lafiya, fari fat a kan baƙar kwat. Ya dubi kafaɗar, ya ɗaga kai ya dubi ƙarafan rufin siton, inda tantabaru suka jeru suna gyaran gashi kamar gidan ubansu.

"Manaja," ya ce, "in na dawo mako mai zuwa na tarar da ko guda, kwaɗo zan sa wa ƙofar nan."

Ta raka shi mota da murmushin dole, ta dawo tana huci. Fulawa ce maƙil a siton, tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma buhunan sama duk sun yi dabbare-dabbare. In aka rufe wurin, ita masu kamfani za su fara sallama, sannan leburorin da ke ci a ƙarƙashinta.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ba zuba ido ta yi ba. Wata da watanni ƙanin mijinta yake zuwa da bindigar iska, irin wadda ke harba ƙwayar dalma ba ƙara, ba ta kuma huda kwanon rufi. Mijinta ne ya roƙa masa aikin, wai yana da saiti, zaman banza ne kawai ya yi masa yawa. Duk zuwan da zai yi, sai ya shigo da ƙatuwar jakar kayan aikinsa, ya kori kowa waje, ya ja ƙofa, kada ƙwaya ta yi tsalle ta tsone wa wani ido. In ya gama ya fito da buhu a kafaɗa, gindin buhun sharkaf yana ɗiga, ya buɗe mata baki ta leƙa daga nesa, hannunta a hanci. Gawarwaki birjik. Kuma mutum ne mai tsabta, ko ɗigon jini ba ta taɓa tararwa a siminti ba.

Rufin kan yi tsit na yini guda. Kashegari kamar an yi musu gayya.

Ta sa an toshe ramuka da raga. Ta sa an sauya gilashin da ya fashe. Da abin ya ƙi, ta huce a kan tsohon mai gadi, ta ce shi yake barin tagar sama a buɗe. Ya rantse har da hawaye, ta ce ya tafi gida sai ta neme shi.

Yau da ta kira ƙanin mijin a waya, ko gaisuwa ba ta yi ba. "Ka zo yanzu."

Ya iso da rana tsaka yana washe baki. "Matar yaya, wa ya taɓa mana ke?"

"Ba wasa na kira ka ba. Kullum kana kashewa, kullum suna ƙaruwa. Haihuwa suke yi a iska?"

"Daga waje suke zuwa. Ni dai nawa harbi."

Ya shige ya ja ƙofa. Ta tsaya a rana tare da leburori, gumi na bin bayanta, tana jin fuka-fukai na bugun kwano. Ta tsine wa tsuntsayen, ta tsine wa tagar, ta tsine wa ranar da ta karɓi aikin nan.

Da ya fito, buhun ya fi na kullum cika.

"Zazzage su nan," ta ce. "Hoto zan ɗauka in tura wa jami'in nan, ya san ba barci muke yi ba."

"Haba, ƙazanta ce, akwai cuta. Bari in je in binne."

"Na ce ka zazzage!"

Ya ja da baya. Ta cafki bakin buhun, ya riƙe, ta fizga da dukan haushin da ta tara. Buhun ya kife. Tantabarun suka zubo a kan siminti ƙwal-ƙwal, wata ta gangara har gaban takalminta. Ta sunkuya ta ɗauki wadda aka ce yanzun nan aka harbo ta daga rufi.

Sanyi ya ratsa mata tafin hannu, tantabarar a daskare take kamar dutse, ƙanƙarar firiji ba ta ma gama narkewa a fuka-fukanta ba.