Mazon Mai Jego

Zauna tukuna, ɗan ƙanena, takalminka ba zai gudu ba. Na san ƙaunar ƙanwarka ce ta sa kake son ka je gidan mijinta yanzu-yanzu kan rigimar da suka yi ka amayar masa da duk abin da ke cikinka, kuma ban ga laifin ƙaunar ba. Amma bari in ba ka misalin wasu maharba biyu da aka yi a wani ƙauye na bakin daji.

Aminai ne tun suna yara, maƙeri ɗaya ya ƙera musu bindigoginsu na toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma, a danna da sanda. Harbi ɗaya gare ta. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri naman ya kai wata ƙasa. Ɗayansu dogo ne mai faɗin ƙirji, ga saurin dariya ga saurin hawaye, mutumin kirki ƙwarai, sai dai ba a haife shi da jira ba. Ɗayan gajere ne shiru-shiru, har matan gari na tsokanarsa wai kafin ya ɗaga bindiga barewa ta yi jika. Ana nan sai Allah ya ba matar dogo haihuwa bayan shekaru suna nema. Ta sha wuya, ta zubar da jini, ta kwanta ba ƙarfi, ko tuwo ba ya wuce mata. Da mijin ya durƙusa ya tambaye ta abin da ranta ke so, ta ce romon mazo, wannan jan naman dajin da ya fi barewa jiki. Ya fito yana share ido, ya ɗauko bindiga. To, ma'aunin da suka gada shi ne a ɗora dalma a tafin hannu, a zuba albarushi har ya rufe ta, shi ke nan. Ran nan dogo ya zuba ya sake zubawa, ya tura dalma biyu, ya ƙara da gutsattsarin ƙarfe, wai don kada mazon matarsa ya tsira. Kai ka ce da albarushi ake auna so. Amininsa ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, ba ƙara ke kashe nama ba, wurin da dalma ta shiga ne." Dogo ya yi dariya ya wuce.

Da hantsi ya tarar da mazo a bakin wani tafki, amma ya ba shi baya, ba a ganin komai sai gindi da cinya. Kowane maharbi ya san makasa tana bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke, kuma sai dabba ta ba ka haƙarƙari ake samunta. Shi ma ya sani. Amma fuskar matarsa ta faɗo masa a rai, ya ja kunamar bindiga. Bindiga ta yi tsawa, ta naushe shi a kafaɗa har ya zauna daɓas, hayaƙi ya rufe wurin. Da hayaƙi ya washe, ba mazo, sai baƙin jini gauraye da ciyawar tumbi a kan ganye. Ya gane a ciki ya same shi, kuma naman da aka harba a ciki ba ya faɗuwa kusa. Ya bi sawu cikin ƙaya da sarƙaƙiya, hannu na lilo, har sawun ya ɓace masa. Washegari ungulaye suka nuna masa wurin. Mazo ya mutu ba yanka, ya kumbura, ya zama mushe. Ya zauna kusa da shi ya yi kuka, na matarsa da na dabbar da ya wahalar a banza, ga kafaɗar da ba za ta ɗauki bindiga ba sai ta yi jinya.

Shi kuwa gajere, a wannan ranar ya laɓe a wata mashaya. Wani mazo ya zo ya fuskance shi, ya sha ruwa ya koma, bai taɓa kunama ba. Ya dawo gida hannu rabbana, matan gari suka sami abin dariya. Kashegari ya koma ya kwanta a wurin, cinnaku na cizonsa bai motsa ba, har mazon ya juya ya ba shi haƙarƙari, ya miƙa ƙafar gaba. Ya yi bisimilla ya saki dalma guda, taƙi ɗaya bayan kafaɗa. Jan jini mai kumfa ya zubo, mazon bai yi nisan jifa ba ya faɗi, ya cim masa da wuƙa ya yanka. Bai kai ko tsoka gidansa ba. Ya saɓo shi ya sauke a zauren amininsa, ya ce wa ungozoma, "Inna, a gaya wa mai jego mijinta ne ya aiko." Da dogo ya shigo da yamma, kai a sunkuye, yana neman bakin da zai gaya wa matarsa, sai ya tarar da ita zaune, jariri a cinya, tana kurɓar romo tana sa masa albarka. Ya juya ya ga gajere a bakin zaure yana cire ƙaya a ƙafa, kamar bai san komai ba.

Maganar da za ka yi wa surukin nan naka, ita ma harbi ɗaya gare ta. Ajiye takalmin, a kawo mana fura, mu jira ya huce ya juyo. Hausawa na cewa, sauri ya haifi nawa.